Ruwan da Bounmy Ya Zuba wa Malam Hamissou

Shekara shida Malam Hamissou, mutumin Damagaram, yana aikin taya a ƙasar waje, a wani gareji da ke kan titin Gate City Boulevard, tare da Bounmy, ɗan ƙasar Laos. Da watan Afrilu ya kama, Bounmy ya gayyace shi bikin sabuwar shekararsu. Ba halin ƙi, mutumin kirki ne. Hamissou ya fita da niyya biyu a ransa: ba zai rusuna wa gunki ba, ba kuma zai kunyata abokinsa a gaban dangi ba. Yadda zai haɗa biyun ne bai sani ba.

Tun a wurin ajiye motoci wata mata ta sheƙa masa bokitin ruwa tana ƙyalƙyala dariya. Shaddarsa ta manne a jiki. Ya tsaya yana kallon ikon Allah. A garinsu sai mace ta yi tafiyar hantsi kafin ta cika tulu ɗaya, nan ga masu furfura suna bin juna da tiyo.

"Wai ku ba wanda ke fushi?" ya tambayi Bounmy.

"Yau babu, Baba. Dattin bara ake wankewa. Kai ma ga shi ka fara haske."

Ya ja shi ƙarƙashin wata rumfa inda tsofaffi ke zaune a jere, ya ajiye shi kusa da mahaifiyarsa. Hamissou ya duba dama da hagu, ba gunki. Hankalinsa ya ɗan kwanta.

Sai ga Bounmy da kwanon azurfa, furanni na yawo a kan ruwan. Ya durƙusa ya tsiyaya masa a tafin hannu. To wannan kam Hamissou ya sani, abinci ya kusa. Ya naɗe hannun riga, ya cuɗa yatsu sosai har da ƙarƙashin farce, ya yarfe.

"Ba sabulu?"

Tsofaffin suka rufe baki suna dariya. Bounmy bai yi ba. Yana nan durƙushe, kai a sunkuye.

"Tashi mana, gwiwarka ba ta ciwo?"

"Ba a tashi sai babba ya yi magana," in ji Bounmy a hankali. "Mahaifina nake zuba wa duk shekara. Bara ya rasu."

Hamissou ya dubi tsohuwar. Ita ma wani ne durƙushe a gabanta, tana riƙe da hannuwansa tana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ashe albarka ake nema. Ya juya abin a ransa, bai ga inda addininsa ya hana shi sa wa mutum albarka ba.

Ya kama hannuwan Bounmy, ya fara da Hausa. Allah ya raya maka zuri'a, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi wa ubanka. Ya daɗe yana yi.

Bounmy bai ji ko kalma ɗaya ba. Da Hamissou ya sake shi, ya miƙe yana share ido da bayan hannu, ya ɗauki kwanon ya matsa gaban mahaifiyarsa.