Yatsan Likita

Malama Suwaiba, nas ɗin da ke rubuta sunaye, ta kamo hannun tsohuwar za ta kai shi kan tawada. Inna Taiba ta fizge, ta cusa shi ƙarƙashin mayafi.

"Ba ni dangwalawa."

"Inna, shaida ce kawai cewa kin yarda."

"Na ji. Ba ni dangwalawa."

A kan benci jikarta Sakinatu na kwance ta dunƙule, idanunta sun yi ɗorawa. Shekararta bakwai, marainiya, sikila kuwa ta kwantar da ita sau huɗu tun girbin bara. Tun da hantsi suka hau kabu-kabu daga Morai, don an yi shela cewa likitoci masu gwajin sabon magani sun zo Mafara. Da can yaran birni kaɗai ake ɗauka. Yanzu ga shi an kawo ƙofar gida, yara ashirin ake so, an rubuta sha tara, motarsu kuma za ta tashi bayan azahar. Wata mata daga Bakura tana tsaye a baya da ɗanta a kafaɗa, takardar kawai take kallo.

Suwaiba ta kira Likita Dikko. Ya zo ya durƙusa, ya gaida tsohuwar har da tambayar mutanen gida.

"Inna, tsoron maganin kike?"

"Takarda nake tsoro, ɗan nan. Ina budurwa aka zo gina dam. Babana malami ne a Maradun, da gonarsa bakin gulbi. Aka kawo mishi takardar boko, aka ce dangwala, sunanka kawai za a ɗauka. Ya dangwala. Gonar nan yau kifi ke kwana cikinta. Har ya koma ga Allah bai san abin da yatsansa ya ce ba."

Likita ya dubi agogo, ya dubi yarinyar. An fara kiran salla.

"To bari in karanta miki da Hausa, a hankali."

"Karanta. Amma ba ni biro da farar takarda."

Suwaiba ta ɗaga kai. "Inna, ashe kina rubutu?"

"Kin tambaye ni? Hannuna kawai kika cafko kamar za ki sa mini lalle."

Likita na karantawa, tsohuwa na rubutawa da ajami, daga dama zuwa hagu, baƙaƙen a tsaye. Ba a tabbatar maganin zai yi aiki ba, shi ya sa ake gwadawa. Yana iya kawo amai. Za a ɗebi jini duk wata, cokali guda. Mota za ta zo ɗaukarsu. Ranar da ta ce ta fasa, ta fasa, kuma ba za a hana yarinyar maganinta na kullum ba.

"Maimaita wannan ta ƙarshe," in ji ta. Ya maimaita.

Direba ya danna ham a waje. Inna Taiba ba ta ko waiwaya ba. Ta karanta wa Likita abin da ta rubuta, ya ce haka ne, bai rage ba bai ƙaru ba. Ya ciro bironsa zai sa hannu a takardarta.

"A'a. Wannan rubutun bokon naku ban iya karanta shi." Ta tura mishi tawadar. "Yatsa."

Ya ajiye biron. Sannan ya danna babban yatsansa a tawada, ya dangwala ƙarƙashin rubutunta. Ita kuma ta jawo takardarsu ta rubuta sunanta da na babanta, cikakke. Suwaiba ta rubuta lamba ashirin. Matar Bakura ta gyara ɗanta a kafaɗa ta juya, Inna Taiba ta bi ta da kallo har ƙofa.

Ta ninke tata takardar, ta ƙulle a bakin zane. Likita ya sunkuya ya ɗauki Sakinatu zuwa sikeli. Da ya ajiye ta, ga shuɗin yatsansa kwance a kafaɗar rigarta.