Nonon da Ba Ya Jin Zafi

Shekara biyu bayan an cire mata nonon hagu saboda ciwon daji, likita ya sake yi wa Malama aiki. Ya sa mata jakar silikon a ƙarƙashin fatar ƙirji, nono ya dawo da siffarsa. Da aka sallame ta, ƙannenta suka cika ɗakinta suna kallo.

"Yaya, wannan ai ya fi na daman tsayuwa," in ji Auta. "Ki koma ya gyara miki ɗayan."

Aka yi dariya. Abin da Malama ba ta gaya wa kowa ba shi ne wurin ba ya jin komai, ko tsinke aka soka. Likita ya ce jijiyoyin sun tafi da nonon farko, ya gargaɗe ta kada zafi ya kusance shi. Da ta ga mahaifiyarsu tana murna 'yarta ta dawo cikakkiya, sai ta ja bakinta.

Inna kuwa maganinta ɗaya ne ga kowane ciwo: gashi da ruwan zafi. Ba ta gwada ruwa da hannunta, don hannun ya saba da tukunya. Mai ciwo take tambaya. In ya ce wash, ta sirka. In ya ce bai ji ba, ta ƙara wuta.

Wata Asabar da hantsi Malama ta ce kafaɗa ta yi mata tsami. Inna ta kwantar da ita a doguwar kujera, ta ɗora mata jakar roba ta ruwan zafi a kafaɗar. Barci ya fara ɗaukarta. Inna ta zame jakar zuwa kan sabon nonon, a ganinta ɗinkin ma yana son gashi.

"Ya yi zafi?"

"A'a, Inna," ta ce, idonta a rufe. Ta ɗauka an ɗauke jakar.

Inna ta koma kicin, ta juye ruwan, ta cika jakar da tafasasshe, ta mayar.

Auta ce ta shigo neman cajar waya ta ɗaga jakar, ta yar da ita tana yarfe hannu. Rigar Malama ta manne da fata. Da suka ɓamɓare a hankali, wurin ya yi fari fat, faɗin tafin hannu, gefensa ya ɗuri ruwa. Malama ta tsura masa ido kamar jikin wata ne. Ta sa yatsa ta danna. Ba ta ji komai ba.

A asibiti likita ya haska fitila, ya duba wurin.

"Fatar nan siririya ce, kuma ta sha gashin na'ura lokacin jinyar dajin," ya ce. "Ƙunar ta ci har ƙasa. Ga gefen jakar silikon ɗin nan ina gani. Dole mu cire ta yau."

"A mayar yaushe?" in ji Malama.

"Sai fata ta warke mu gani. Ba zan yi miki alkawari ba."

Inna tana tsaye a bakin labule, mayafinta ya zame ba ta gyara ba.

"Likita, na tambaye ta. Wallahi na tambaye ta."

"Ba ƙarya ta yi miki ba, Mama. Wurin ba ya ji."

Inna ta juyo ga 'yarta. "Tun yaushe?"

"Tun da na farfaɗo daga aikin."

"Kina kallo muna ta shewa?"

Nas ta shigo da rigar tiyata, ta ajiye a gefen gado, ta tambayi Malama yaushe rabonta da abinci. Inna ta miƙa hannu za ta taya 'yarta cire riga, sai ta dubi hannun, ta mayar da shi cikin mayafi.

"Auta," ta ce, "zo ki kama mata."