Takalman Maharazu

Mainasara direba maƙaryaci ne, kuma a gabansa na faɗa, ranar Laraba da hantsi a tashar motar Daura, yana zaune a benci da kofin shayi a hannu, jama'a suna ji. Na ce masa shekara huɗu ke nan yana yawo da ƙazafi a kan Maharazu maƙwabcina, ga Maharazu can kwance a zaure, shawara ta mai da idanunsa kamar ɗorawa, asibiti sun ce a kai shi gida. In da sauran tsoron Allah a ransa, ya tashi mu je.

Ya ce lodi yake jira. Na ce motar tana nan inda ya bar ta har la'asar, mara lafiyan ne ban san ko zai kai ba. Ya dubi mutanen benci ko wani zai tsaya masa, kowa ya sa ido a kofinsa. Ya tashi yana gyara babbar riga, na sa shi a gaba.

Ga asalin maganar. Maharazu ɗan Malam Audi ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, gonakinmu kuma suna haɗe a hanyar Baure. Allah ya ba shi ƙafar hagu. A 1970 Mainasara ya ɗauke shi a gaban motarsa zuwa Kaduna, ya haɗa shi da ƙungiyar ƙwallo ta wata masaƙa. Suka rubuta shi ma'aikacin sito, amma ko buhu ɗaya bai taɓa ɗagawa ba, ƙwallo yake bugawa ana biyansa. Lamba sha ɗaya ce a bayansa. Ni dai ban taɓa ɗaukar wannan abu sana'a ba, ƙato da gajeren wando yana bin fatar da aka hura wa iska, kuma na gaya masa haka. Amma ranar da ake sa wasansu a rediyo nakan matso kusa, don in ji abin da za a ce a kan ɗan unguwarmu.

Mainasara ya ci moriyar abin fiye da mai ƙafar. Ya sa aka rubuta masa "Ubangidan Lamba Sha Ɗaya" a bayan mota. Filin wasa kyauta yake shiga, a tasha kuwa shi ke ba da labarin kowace ƙwallo kamar da ƙafarsa aka ci.

Sai a bazarar 1974 Maharazu ya sauka a Daura da buhun gero biyu da takalman ƙwallo rataye a wuya, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ƙafarsa lafiya lau. Bai koma ba. Mutane suka dami Mainasara da tambaya, ga kuma rubutu a bayan mota. Sai ya ce ai korarsa aka yi, takalman ƙungiya ya sata, ba ga su nan kowa ya gani a wuyansa ba? Ya sayi fenti ya shafe rubutun.

Maganar ta zauna. In Maharazu ya zo masallaci, sai ka ji wani ya ce a ƙasa-ƙasa kowa ya shiga da takalminsa. Shi dariya yake yi, har yakan riga su faɗa. Matarsa Maijidda ce ba ta dariya, don a gidan biki an taɓa nuna 'yarsu Barakatu an ce ga 'yar ɓarawon takalmi, yarinyar ko yaye ba a yi mata ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci da na ga ciwon ya ci ƙarfinsa. Uban zai tafi, sunan zai zauna a kan yarinya har ranar aurenta.

Kuma na san ƙarya ce. Wasiƙa uku masaƙar ta aiko masa da Turanci, ni na karanta masa su da ƙamus ɗin da na saya a Katsina, kowacce ta ci mini yini guda. Amma ya sa na yi alkawarin ba zan nuna wa kowa ba. Ya ce in aka ga ba korarsa aka yi ba, za a tambayi abin da ya dawo da shi, amsar kuwa asirin mahaifiyarsa ce. Shekara huɗu ina haɗiye magana, ni da ban iya haɗiye ta ba.

Muka tarar da shi a kan tabarma an jingina shi da buhun dusa. Liman Hussaini na masallacin unguwa yana gefe, Harisu mahauci ya kawo romo. Maharazu ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma da ya ga wanda na shigo da shi sai fuskarsa ta washe.

"Yaya Mainasara, a waje ka bar takalmanka? Ka yi ganganci. Ka manta gidan wa ka zo?"

Harisu ya ƙyalƙyale da dariya har romon ya zube masa a riga. Mainasara ya durƙusa yana ta ya jiki, ya jiki, gumi na bin wuyansa. Na ce ba gaisuwa ta kawo mu ba. Ya fara kewaye-kewaye, wai shi ma a Kaduna ya ji, wai mutane ne suka ƙara wa zancen gishiri. Na ce ya faɗi sunan mutum ɗaya da ya gaya masa. Ya ce an daɗe. Maharazu ya ce in ƙyale shi, magana ta wuce. Na ce ba ta wuce ba, tana nan tana wasa a tsakar gida da ɗan kitso biyu a kanta.

A nan ne muka ji motsi a bayan ƙyauren cikin gida. Iya ce, mahaifiyarsa. Ɗanta ne na fari, ko sau ɗaya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ba ta saba magana a gaban maza ba. Ba ta fito ba, daga nan bayan ƙyaure ta yi magana.

"Shekarar fari, da ruwa ya ƙi sauka, mun cinye iri. Har damin da Malam ya keɓe don shuka, ni na sauke shi na daka da hannuna, Malam ba ya gani lokacin, bai sani ba har ya rasu. Ni na aika a gaya wa yaron nan. Iri kawai na ce ya aiko. Shi ya kawo da kansa, ya ga gonar ba mai shiga, ya zauna." Sai ta kira sunana. "Kalilu, karanta musu takardun nan. Kunyar tawa ce, na gaji da ganin jikata tana ɗauke da ita."

Na shiga gida na ɗauko su a cikin gwangwanin da nake ajiye takardun gona. Ta farko roƙo ce ya dawo. Ta uku ƙarin albashi ce da ɗaki biyu. Ta biyun na karanta sau biyu, inda mai horar da su ya rubuta cewa takalman kyauta ce daga ƙungiya, ya riƙa shafa musu mai, don suna sa ran ganinsu a filin kafin ƙarshen shekara.

Mainasara ya sunkuyar da kai.

"Ni na ƙirƙira. Ba wanda ya gaya mini. Maharazu, ka yafe mini don Allah."

Maharazu ya ce ai tun ranar da ya ga an shafe rubutun bayan motar ya yafe, don fentin bai kama da kyau ba, har yau in rana ta haska ana ganin sha ɗayan. Liman ya ce yafiya tsakaninsu ce, amma ƙazafin a bainar jama'a aka yi shi, a can za a janye shi. Mainasara ya amsa.

Harisu, da yake bakinsa ba ya riƙe tambaya, ya ce wa Maharazu to bai yi da-na-sani ba da kuɗin Udoji suka fito, ƙarin albashin nan na ma'aikata, abokan wasansa kowa ya sayi babur? Maharazu ya ce ya yi mana, har ya yi kwana biyu ba ya cin tuwo da daɗi. Ya ce har yanzu ranar Asabar da la'asar ƙafar takan yi masa ƙaiƙayi. Amma ya ce a Kaduna mutum dubu goma za su yi maka ihu, washegari ka koma inda ka taka ba abin da ya tsiro. Na ce da ya saurare ni tun farko da bai sha wahalar zuwa gano wannan ba. Ya ce, "Baba Kalilu, kai da kake matso da kujera kusa da rediyo?"

Sannan ya sa aka ɗauko takalman daga cikin ɗaki. Baƙaƙe ne, masu haƙora shida a ƙasa, sai ƙyalli suke don man da yake shafa musu. Ya ce liman da Harisu su zama shaidu, wasiyya zai bari. Kowa ya san yadda muke shuka ni da shi: ina gaba da sungumi ina sara, yana baya da ƙoƙon iri yana jefawa yana rufewa da ƙafar hagu, mu gama tasa mu shiga tawa. Ba a taɓa yin mai rufe rami da sauri irinsa ba a hanyar Baure. Ya ce bana Maijidda za ta kasance cikin takaba, Iya ta tsufa, ruwan shuka kuwa in ya sauka kwana biyu ne.

"Na bar wa Yaya Mainasara takalman nan halak malak, kada a ce ya sata. Sharaɗi ɗaya: da su zai bi bayan Baba Kalilu ya rufe mini iri, duk damina, har a aurar da Barakatu."

Mainasara bai taɓa riƙe ƙoƙon iri ba a rayuwarsa. Ya karɓa da hannu biyu. Takalman lamba takwas ne, ƙafarsa tara ce da ɗoriya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa, daidai inda ake tara takalma, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Aka je aka gaya wa Maharazu, ya tambaya ko muryar ta fita sosai, aka ce har mai ƙosai ta ji. Ya ce madalla.

Ranar Litinin bayan azahar Maharazu ya sha fura ludayi uku, ya ce a ɗaga masa asabarin zaure ya ga gabas. Ya tambaye ni ko wancan hadari ne. Na ce hayaƙin masu ƙona gona ne. Ya ce to in gyara ƙotar sungumina, ta yi sako-sako tun bara. Liman ya matso yana yi masa kalmar shahada yana amsawa, har ya daina amsawa. Muka kai shi kafin magariba. Allah ya jiƙansa.

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Da sassafe na tarar da Mainasara a bakin gonar, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya cusa ƙafafunsa a takalman, igiyar ma ba ta ɗauru ba. Muka fara. Yana zuba iri goma inda ake zuba biyar, ina jiyo nishinsa a bayana, ban waiwaya ba sai don in ce ya ƙara sauri.

Bana ma ya zo, damina ta biyu ke nan. A tasha yanzu ko kuɗin mota ya faɗa sai an tambayi wani. Barakatu shekararta biyar, saboda haka da sauransa. Jiya na zaga gonar, gero ya fito layi-layi, a gindin kowane tsiro akwai shatin haƙora shida a cikin damshin ƙasa.