Ɗan Zaune da 'Yar Jingina

A nan arewacin jihar Michigan, maharban da ke rataya a bishiya gida biyu ne, kuma har yau ba a samu mai shirya su ba. Sirdin dai ɗaya ne a ido: ƙyalle mai ƙwari da ke tallabe ƙugu da mazaunai, da igiya a gaba wadda ake maƙalawa a wata igiyar da aka ɗaure a jikin bishiya, can sama inda barewa ba ta cika ɗaga kai ta duba ba. Sai dai wasu zama suke yi a cikinsa, su tokare gwiwa a jikin itacen. Wasu kuma su taka ɗan faifan ƙarfe, su miƙe ƙafa, su jingina da baya igiya ta riƙe su. Ni 'yar jingina ce. Yayana Arvid ɗan zaune ne, kuma tun da muka fara harkar nan bai taɓa barin kunnena ya huta ba.

"Ga ma'aikaciyar lantarki can," haka yake cewa in ya hango ni a sama. "Lorna, in kin gama gyaran wayar ki sauko mu yi farauta."

"Kai kuma ci gaba da durƙusa wa bishiya," in ce masa, "wataƙila ta yafe maka."

Ni na ɗinka mana su duka biyun. Sana'ata ɗinkin rumfar kwale-kwale ce da kujerun mota, a garejin bayan gidana, don haka zare mai kauri da babbar allura ba baƙina ba ne. Nasa falle ɗaya ne mai zurfi, yana nutsewa a ciki kamar yaro a zanin goyo. Nawa falle biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a gadon baya, na yanka shi daidai jikina, na yi ta rage nan ina ƙara can har ya zama ban san yana jikina ba. Kowace kaka tare muke shiga daji, bishiyata da tasa ba su wuce nisan kira ba, domin dokar babanmu ce tun muna yara: ba mai hawa sama sai da wanda zai ji ihunsa.

A watan Afrilu aka yi wa Arvid aikin gwiwar hagu, aka sa masa ta ƙarfe. Ya warke sumul, yana tafiya, har tsani ya hau ya gyara rufin ɗakin ajiyarsa. Abu ɗaya ne ya gagara, shi ne ɗora nauyi a kan gwiwar. Ko a coci ya daina durƙusawa. Ɗan zaune kuwa in babu gwiwa, babu shi.

Wata Lahadi cikin Agusta na je gidansu cin abincin rana. Matarsa Noreen ta yi gashin naman barewar bara da dankali, ana ci ana hira, sai kawai ya ajiye cokali.

"Bana ba da ni ba," ya ce. "Na gaya wa Dale ya zo ya ɗauki bakana." Dale mijin 'yarsa ne, wanda ko akwatin saƙo aka kafa masa a gaba sai ya kuskure.

"To ka jingina mana," na ce. "Wa ya mutu don ya jingina?"

"In jingina? Gara in zauna in taya Noreen saƙa safa."

"A'a, ni kada ka ɓata min zare," in ji Noreen.

"Wannan tsayuwar taku ba don ɗan Adam aka yi ta ba," ya ci gaba. "Ƙugu kamar zai tsinke, cinya ta mutu murus, mutum ya sauko yana tafiya kamar agwagwa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru muna abu tare, mutum ya tashi rana ɗaya ya yanke shi tsakanin loma da loma, saboda girman kai kawai. Na ce masa taurin kansa ya fi ƙarfen gwiwarsa, na ƙi tsayawa shan kofi, na tafi gida ina ta faɗa ni kaɗai a mota.

Bayan 'yan kwanaki na sauko da sirdina daga ƙusa don in shanya shi a iska, warin gareji ya fita kafin lokacin farauta. Ina ɗaga shi na tsaya. Ƙullin igiyar gaba ya bar inda yake zama, an ja shi har ƙarshe. Ɗamarar ƙugun ma an sassauta ta iya sassautawa. Duk maharbi ya san mazaunin ƙullinsa, kamar yadda kake gane wani ya tuƙa motarka daga yadda ka tarar da kujera. Na zagaya bayan gareji wajen bishiyar da nake gwada aiki, sai ga sabon kwarzane a ɓawonta, ga kuma sawun wani ƙaton takalmi a ƙasa. Mutum ɗaya ne ke da makullin garejina, kuma ya san ranar Laraba nake kai aiki cikin gari.

Ashe shi ya sa Arvid ya san yadda ƙugu ke yi da yadda cinya ke mutuwa. Na zauna a kan bokiti na yi dariya har da hawaye, ina hango ƙaton mutum kamar Arvid ya cusa kansa cikin sirdin da aka yanka wa mace rabin girmansa. Daga baya dariyar ta tsaya, tausayi ya kama ni. Ya zo a ɓoye ya gwada abin da ya shekara yana zagi, abin ya cije shi, ya koma gida ya yanke wa kansa hukunci cewa tasa ta ƙare. Bai san laifin na awo ne ba, ba na jikinsa ba.

Hannuna har ya kai kan waya don in yi masa tsiya, na fasa. Arvid irin mutanen nan ne da in ka kama su dumu-dumu sai ka rasa su gaba ɗaya. Noreen na kira, na ce ta aro min wandonsa ɗaya ba tare da ya sani ba.

"Wanne?" ta ce. "Na awon da yake gaya wa mutane, ko na gaskiya?"

"Na gaskiya."

"To bari in duba ƙasan kwando, su yake ɓoyewa."

Da na haɗa sabon sirdin, falle biyu mai faɗi, na bar wasu wuraren da ɗinkin wucin gadi, sai na buga masa waya.

"Wani mutumin garin Marquette ya ba ni aiki," na ce. "Ƙato ne kamar kai, kuma ba shi da lokacin zuwa awo. Zo ka rataya min a ciki in ga inda zan gyara."

Sai ya ce, "Ɗan jingina ne?"

"Ɗan jingina."

"Allah ya shirye shi. Ina zuwa."

Na ɗaura faifan ƙarfen ƙasa-ƙasa, inda ko ya faɗo ba abin da zai same shi sai kunya. Ya shiga sirdin yana tsaki, ya taka faifan, ya jingina. Na ga ya ɗan yi turus, yana jiran cizon da ya sani, cizo bai zo ba. Amma Arvid ne, ba zai ce ya yi daɗi ba ko za a yanka shi.

"Wannan igiyar gaban ta yi gajarta," ya ce. "Tana matse ƙugu. Ki ƙara mata tsawo, kada bawan Allah ya tsine miki."

Na ƙara.

"Fallen ƙasan kuma ki sauke shi kamar yatsa biyu."

Na sauke, na maƙala allura.

Haka muka cinye Satumba. Kwana biyu uku sai ga motarsa a ƙofar gareji, wai ya biyo ta nan ne. Wata rana ana zafi har kare na lallage harshe, sai ga shi da wandon ulu mai kauri da rigar sanyi a hannu.

"Wannan fa?" na ce.

"Ke ba ki san aikinki ba ne? Sirdin da aka auna da singileti, ranar da sanyi ya sauko aka jibga kaya ai sai ya zama ƙangi. Mutumin nan da shi zai fita a Nuwamba."

Ya sa kayan, ya rataya yana ta zuba gumi, ni kuwa ina cije leɓe.

"Ki gaya masa ya sauko da igiyar bishiyar daidai goshinsa," ya ce. "Kuma ki ƙara soso a gefen hagu. Ƙafar hagu ce ke fara gajiya."

"Ya aka yi ka san tasa ta hagu ce?"

"Duk mutanen Marquette haka suke."

Ya san na sani, ni ma na san ya san na sani, amma ba wanda ya taɓa maganar. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ganye ya fara sauya launi, Noreen na aiko mana da burodin kirfa, shi yana lilo a jikin bishiya yana ba ni labarin wani kishimi mai manyan ƙahoni da ya kuɓuce masa tun 'ya'yansa na firamare, labarin da na ji har na haddace.

Ranar da aka buɗe farautar baka ya kira ni da rana, ya ce zai raka ni saboda dokar Baba, amma a mota zai zauna. Da ya iso na leƙa bayan motar, sai ga bakansa da kwarin kibau.

"Dale bai zo ɗauka ba," ya ce, yana kallon wani wajen.

"Mutumin Marquette ma bai zo ba," na ce, na jefa sirdin kusa da bakan.

Bai zauna a mota ba. Muka bi tsohuwar hanyar masu katako har gindin bishiyarsa da ke bakin fadama. Ya ɗaura sirdin, ya zagaya igiyar hawa a jikin itacen, ya rinƙa kafa matakala yana hawa a hankali, ƙafar dama ce ke gaba kullum. Na tsaya a ƙasa, wuyana a ɗage. Ya kai sama, ya kafa faifan, ya taka, ya maƙala igiya. Saura kawai ya jingina.

Bai jingina ba. Ya rungume bishiyar da hannu biyu, ƙirjinsa a manne da ita. Sai a lokacin na tuna abin da ban lissafa ba. A bayan garejina ƙasa na nan kusa. A nan kuwa mutumin da ya saba jin itace a gwiwarsa duk rayuwarsa, an ce ya ba wa iska baya ya saki jiki.

"Lorna," ya kira ƙasa-ƙasa.

"Na'am."

"Ɗinkin nan, kin maimaita shi?"

"Na bi shi na sake bi. Ko motarka zai ɗauka."

Iska ta kaɗo ganye suka zubo a kafaɗata.

"Ba ɗinkin ba ne," ya ce. "Tsoro nake ji."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Duk wata tsiya da na tanada ta gudu daga kaina.

"Na sani," na ce. "Kowa sai da ya ji. Saki hannu ɗaya ka kama igiyar. Ba inda za ni."

Ya saki na dama, ya kama. Can ya saki na hagu. Ya rinƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, igiyar na miƙewa, har ta ɗaure tamau, sirdin ya karɓe shi. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya buɗe tafukan hannunsa ya dube su, sannan ya janyo bakansa da zare ya rataye a ƙugiya.

"To me kike jira?" ya ce cikin raɗa mai ƙarfi. "Kin tsaya nan kina kore min barewa."

Na tafi bishiyata ina share ido da hannun riga. Daga sama ina hango shi ta tsakanin rassa, a jingine, ya harɗe hannu a ƙirji, ko motsi ba ya yi. Ko barewa ɗaya ba ta biyo ba ranar. Da rana ta faɗi na sauko, na naɗe igiyoyina, na je gindin bishiyarsa na tsaya.

"Arvid, duhu zai yi fa."

"Ki ƙara min kaɗan," ya ce.

Na nemi wani kututture na zauna.