Fili a Taswira

Maikano mai gadi ya sauke sandar shinge a gaban motar Lawal, ya ɗaure ta da igiya, ya koma gindin ɗorawa ya ci gaba da cin goronsa. Dokar hanya ke nan da damina: in an yi ruwa, babbar mota ba ta taka jar ƙasa sai ta sha iska, don kada taya ta yi mata kunya-kunya kamar gonar dankali. Da asubar ranar kuwa an tafka ruwa tun daga Tudun Wada har Ƙofa.

Fasinjoji suka sauko ba wanda ya ɗaga murya, kowa ya nemi inuwa. Malam Hamidu ne kaɗai ya tsaya a rana yana duba agogo.

Malamin elementare ne a wani ƙauye na ƙasar Doguwa. Ɗan birni ne, haihuwar Kano, an turo shi da cewa shekara ɗaya zai yi, ga shi a ta tara. Ƙofar fita ɗaya ta rage masa, jarrabawar ƙarin girma da za a zauna gobe ƙarfe takwas a Kano. Sau biyu yana faɗuwa, kuma an gaya masa ba a zama na huɗu. Matarsa Rabi har ta daina tambayar yaushe za su koma gida, wannan shirun kuwa ya fi tambayar ci masa rai.

Takardar da ke kayar da shi ita ce ta labarin ƙasar Girkawa da Rumawan dā. To bana ya sha ta kamar kunu. Ko daga barci ka tashe shi zai gaya maka ƙasar Girka duwatsu ce, shimfiɗaɗɗen wuri kaɗan ne, shi ya sa Tesaliya ta yi suna da dawaki da alkama. Ya san kwarin kogin Fo, ya san Kamfaniya mai albarka, ya san Fontin da ke kudu da birnin Rum. A littafinsa na rubutu ya fassara su duka da kalma ɗaya: fili. Abin da ya ɗauka daga karatun shi ne, dutse ke tare tafiya, fili kuwa nan runduna da keken doki suke bi.

Ya je ya durƙusa wa Maikano, ya yi gaisuwa, ya yi bayani, ya haɗa shi da Allah. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya tausaya masa ƙwarai, sannan ya ce sai hanya ta bushe. Yau ne ko gobe, wannan sanin Allah ne, ga kuma wani hadarin yana haɗuwa a gabas.

Sai Malam ya ɗauko taswira daga jakarsa. Hanya ta yi gwiwa a nan, ta zagaya ta dawo, tsakanin gwiwar kuwa takarda fara fat, babu zanen tudu babu na rafi. Ya ɗaga kai ya ga wurin da idonsa: shimfiɗe kamar tabarma, kore shar, balbelu na kiwo. In mota ta ratsa, za ta hau hanya can gaba da shinge. Ya ja Lawal direba gefe ya baje masa takardar a kan mudugadin motar. Lawal bai iya karatu ba, amma yana ganin girman mai agogo da alƙalami a aljihu, shi ma kuma zaman ya ishe shi.

Wata tsohuwa, Inna Kande, da ke kai daddawa kasuwar Bebeji, ta ji abin da ake ƙullawa.

"Malam, nan za ku bi?"

"Fili ne, Inna. Ga shi a takarda."

"Ɗan nan, ina ka taɓa ganin fili ba gona a cikinsa da damina? Fadama ce. Ko shinkafa ba a kai mata, haɗiyewa take."

Ya yi mata murmushin da yake yi wa ɗalibi mai ƙoƙari, ya ce Turawan da suka auna ƙasar da na'ura ba su ga haka ba. Ta ce to, ta sauke ƙwaryarta daga mota, ta koma gindin ɗorawa. Maikano ya ce shi hanya aka ba shi tsaro, ba daji ba.

Sauran fasinjoji suka hau, Lawal ya karya kan mota cikin filin. Ta yi tafiya mai kyau kamar taku ɗari biyu, har Malam ya fara gyara zama. Daga nan ta yi wani nishi, gaba ya dulmiya, baya ya bi. Lawal ya ba ta wuta, tayoyi suka yi ta feshin baƙin taɓo suna ƙara haƙa wa kansu rami, har ciki ya zauna daram. Ya kashe inji. Sauro ya taso musu kamar an aika a kira shi.

A cikin wannan shirun ne Malam ya tuna sauran shafin Fontin. Ashe fadama ce. Rumawa ba su ratsa wurin haka kawai ba, sai da suka ɗaga hanya da dutse a kansa, kuma zazzaɓi ya yi ta cin mutanensu. Ya haddace wannan sarai, har ya ja masa layi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Hadarin gabas ya watse bai zubar ba. Bayan la'asar suna tsaye cikin laka har gwiwa, suka hango Maikano ya kwance igiya ya ɗaga sanda. Motoci biyu da suka zo bayansu suka tashi, Inna Kande na bisa ta farko da ƙwaryarta a cinya. Ta biyun ta tsaya tana ta danna oda, ko akwai mai zuwa. Da gudu kaɗan Malam zai cim mata.

Lawal bai ɗago daga tayar da yake tona wa ba. Motar ba tasa ba ce, ta maigidansa ce, kowa ya san abin da ke jiransa.

"Malam, ka je mana," in ji shi a hankali. "Ai kai ke da sauri."

Da zaginsa ya yi, da Malam ya tafi. Ya dubi motar da ke hanya, ya dubi fasinjojin da ya jawo cikin taɓo, duk sun zuba masa ido. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙofar mota, ya karɓi adda ya nufi saran reshe.

Sai da gari ya waye mutanen ƙauyen kusa suka zo da igiyoyi da itatuwa, aka ja ta da baya har bakin hanya. Lawal ya share fuska, ya tambayi Malam ko har yanzu Kanon ce. Malam ya goge lakar da ke kan agogonsa. Takwas da kwata.

Ya ce a'a, zai jira mai komawa kudu.

Ya ɗauki jakarsa ya isa gindin ɗorawa. Maikano ya matsa masa a kan tabarma, ya ɓara goro ya miƙa masa rabi, sannan ya ce ai sai ya zauna da kyau, don an kwana ana ruwa can kudu wajen Falgore, shingen can ma a rufe yake.