Wadda Ta Lalata, Ita Za Ta Sayo Sabo

Noti na uku ne ya ƙi kwancewa. Uwar Zare ta ɗiga masa man keke, ta cije leɓe, ta murɗa sifana da hannu biyu, sai ga shi ya saki. Ta zare feda daga ƙarƙashin keken ɗinkin ta jefa cikin buhu, inda bel da ƙoshiya suka riga suka kwanta.

Shekara goma sha tara ke nan tana zama a kujerar bakin taga, a ɗakin ɗinkin kayan makaranta mai keke goma sha biyu. Jiya da la'asar Ƙaramin Maigida, wanda ya gaji wurin bayan rasuwar ubansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya sanar da su ya sayar da kekunan duka. Ɗakin kuma ya ba wani ɗan kasuwa haya, zai zuba dilolin tufafin da ake ɗinkowa daga waje. Ya ce ya gode da hidima, ya duba agogo, ya shiga mota.

Tsoro ya kama ta sosai. Mijinta ya ajiye tuƙi tun da idonsa ya mutu, keken nan ne ke ɗora tukunya a gidansu. In ta fita hannu rabbana, wa zai ɗauki mace mai furfura aiki?

Da safe ta riga kowa zuwa, don ta yi sallama da kujerarta ba tare da an ga hawayenta ba. A nan idonta ya faɗa kan koren allon da marigayi Maigida ya kafa a bango, da rubutun hannunsa: WADDA TA LALATA, ITA ZA TA SAYO SABO. Allah ya jiƙansa, mutum ne da ko ƙuda ya sauka a shayinsa sai ya matse shi kafin ya yar. Bel ya tsinke, ke za ki saya. Ƙoshiya ta lauye, ke za ki saya. Ko gara ce ta ci katakon tebur, laifinki ne, don me ba ki kore ta ba? Abin da ya lalace kuma ba a zubarwa, wai kayan kamfani ne, sai a jefa shi a wani tsohon duro da ke lungu.

Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta dubi duron. Kafin sauran mata su gama shigowa, ta riga ta aro sifana biyu wajen mai facin taya.

"Kowa ta cire abin da ta saya da guminta," ta ce musu. "Wanda ba naki ba, ko kan allura ne, ki bar musu."

Gajeriya, mai saka maɓalli, wadda bakinta ya fi almakashinta kaifi, ta kama haɓa. "Yaya, in na cire nawa me zai rage? Ni fa har tayar hannu ni na sayo."

"To ashe kin fi shi hannun jari a ciki."

Ɗakin ya kaure da ƙarar ƙarfe da shewa. Wannan ta tuna shekarar da ta sayi haƙoran jan yadi, waccan ta rantse katakon teburinta ƙanen mijinta ne ya sassaƙa shi. Babu wadda ta manta nata, don abin da ya ci maka tuwon dare ba ka manta shi.

Ƙarfe goma Ƙaramin Maigida ya iso tare da mai saye, wani ƙaton mutum mai tumbi da fara'a, motar ɗaukar kaya na biye da su. Suna shiga suka ja birki. Kawunan kekuna goma sha biyu a jere a ƙasa, tsirara, ƙafafun ƙarfensu na jingine da bango, mata kuma kowacce na zaune a kan buhunta.

"Mama, mene ne wannan?" Muryarsa ta yi sama. "Wa ya ba ku izini?"

Uwar Zare ce ta ɗinka masa wandon makarantarsa na farko, shi ya sa har yau bakinsa bai iya kiranta da wani suna ba.

"Babanka ne ya ba mu, ɗana." Ta nuna allon da sifana. "Mun lalata, mun sayo sabo. Sabon muka ɗauka."

"Sata ce wannan! 'Yan sanda zan kira."

"Kira su. In sun zo ka karanta musu allon, idona ba ya ganin nesa."

"To ina kayan kamfani da ke jikin kekunan?"

"Au, ka ga har na manta. Gajeriya, ba Yallaɓai kayansa."

Mata uku suka gangaro da duron suka kifar a gabansa. Tsinkakkun bel, lauyayyun ƙoshiyoyi, fedoji masu tsatsa, guntayen katakon da gara ta yi wa ado, suka zube har kan takalminsa mai sheƙi.

"Ka ƙirga, Yallaɓai," in ji Gajeriya. "Ko ɗaya bai yi ciwon kai ba."

Mai saye ya riƙe tumbi yana dariya har da share ido. "Ɗan'uwa, ni kekuna masu ɗinki na gani ranar Talata na yi ciniki. Waɗannan kuwa sai masu sayen tsohon ƙarfe, su ma sai sun yi maka yanga." Ya ɗaga wa matan hannu. "Iyayena, na sara muku." Ya fice, motarsa ta bi shi.

Wayar Ƙaramin Maigida ta yi ƙara. Mai hayar ɗakin ne, kuma da ƙarfi yake magana, kowa na ji: tirela na hanya, in azahar ta yi bai samu ɗaki fes ba, ya fasa. Saurayin ya kashe waya, ya sassauta wuyan riga, ya dubi ƙarafan nan masu nauyin tsiya.

"Mama," ya ce, murya ta sauko, "ku sayar min da kayan, a mayar."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To ya kike so in yi?"

Uwar Zare ta ɗaure fuska kamar mai auna yadi. "Mu goma sha biyu ne, kawuna goma sha biyu. Ka bar wa kowacce nata da ƙafafunsa, kafin azahar mu kwashe, har shara za mu yi maka kyauta. Sai dai ka rubuta, ka sa hannu. Babanka ya koya mana amfanin rubutu."

Ya dubi agogo. Ya dubi ƙofa. Ya zaro biro.

Amalanke huɗu suka yi jigilar, mata na biye suna guɗa, masu shaguna na leƙowa suna tambayar bikin wa ake yi. Allon ma ba su bar shi ba, Uwar Zare ta ce shara ce, kuma sun yi alkawarin shara.

A garejin gidanta, inda motar mijinta ke kwana a da, suka baje. Wurin ya yi musu kaɗan, gwiwa na gugar gwiwa. Kafin la'asar ta kira shugabannin makarantu biyu, waɗanda dama ita suka sani, ba su taɓa ganin fuskar Ƙaramin Maigida ba, suka ce ɗinkin kayan ɗalibansu nata ne. Kekuna biyar sun tashi. Mijinta na zaune a bakin ƙofa da sandarsa, ya karkata kunne.

"Wancan na ƙarshe naki ne," ya ce. "Na san tafiyarsa."

Daɗi ya cika ta, ta ƙara taka feda.

Can sai ji kake tas! Bel ɗin Gajeriya ya tsinke. Gajeriya ta ɗaga guntun sama.

"To, Yaya, yau kuma wa zai saya?"

Uwar Zare ta tashi, ta ɗauko koren allon, ta goge shi da gefen zaninta, ta rataye a ƙusar da ke jikin bango.

"Doka tana nan," ta ce. "Mai keke ke saye."

Gajeriya ta dubi allon, ta dubi keken, ta shafa kansa. Ta yafa gyale ta nufi kasuwa, ba ta ko tsaya yin ƙorafi ba.