Batirin Dee Udensi

Duk wanda ya saba zama a rumfar farfesun Daa Ojiugo ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya san kujerar da ke kusa da rikoda ta Dee Udensi ce. Ko baƙo ne ya zauna a kai, da ido kawai za a tashe shi. Dee da Daa kuwa laƙabi ne na girmama manya a yaren Ibo, na namiji da na mace.

Tsohon tela ne Udensi, ya ajiye keke tun da idanunsa suka fara gardama da ramin allura. Abin alfaharin da ya rage masa a garin Aba wani kaset ne. A shekarar saba'in da biyar, ranar da 'yan Agu Asaa suka yi wasa a filin wani otal da yanzu ya koma wurin sayar da tayoyi, shi ne ya ɓoye rikodar wansa cikin jakar ɗinki, ya ɗauki kiɗan har kaset ya cika. Agu Asaa, wato damisa bakwai, ko da yake su biyar ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu ina sauran biyun. Samari ne da suka fito daga yaƙin basasa da gashi buzu-buzu da wando mai faɗin ƙafa, suna kiɗan rok da jita mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Sun yi faifai biyu kafin su watse, amma masana na rumfar Daa sun yanke hukunci tuntuni cewa wanda bai ji kaset ɗin Udensi ba bai ji Agu Asaa ba. A cikinsa ganga tana zuba kamar ruwan sama a kan rufin kwano, muryar mawaƙinsu marigayi Nwaogu kuwa siririya ce, tana tashi sama har tsigar jiki ta tashi. Tsofaffi masu ciwon gwiwa sai ka ga sun miƙe suna ƙoƙarin bin kiɗan, su zube a benci suna haki, suna cewa ai a zamaninsu numfashi ɗaya suke taka shi.

Ana nan, wata Lahadi sai ga Ofoegbu mai kemis, abokin Udensi tun suna 'yan firamare, ya shigo yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Garmaho a hannu ɗaya, wani babban ambulan a hammata.

"Yau za ku ji Agu Asaa da kunnen masu kuɗi," in ji shi.

'Yarsa ce da ke Jamus ta aiko masa. Wai wani kamfani a can ya samo asalin ɗaukar wasan wannan rana a ɗakin ajiyar wani gidan rediyo, ya wanke sautin tas, ya buga sabon faifai, har da hoton mawaƙan a bango.

Udensi ya gyara zama. "Sa mana mu ji. Ai duk abin da suka samu, ni na riga su."

Ofoegbu ya busa allurar garmaho, ya ɗora. Aka ji tafi, aka ji jita, sannan ganga ta shigo. Amma ba gudu take ba, takawa take, ɗaiɗai, kamar basarake zai shiga taro. Da Nwaogu ya buɗe baki sai ga murya mai kauri, irin ta magidanci mai 'ya'ya.

Daa Ojiugo ta tsaya da ludayi a hannu, farfesu yana ɗiga ƙasa.

"Wane ne wannan?" Udensi ya tambaya.

"Nwaogu mana."

"Nwaogu na gidan wa? Wannan ai limamin coci ne mai mura! Malam, an cuce ka. Turawan nan rage gudun suka yi don ba su iya rawa ba."

"Kai dai tela, zauna in faɗa maka," in ji Ofoegbu, yana gyara tabarau. "Batirinka ne ya yi sanyi ranar. Rikoda tana jan kaset a hankali lokacin ɗauka. Da ka koma gida ka sa sabon batir, sai ta ja shi da sauri. Shekara hamsin muna karya gwiwoyinmu a kan mataccen batir!"

"Batir sabo fil na saya!"

"A hannun wa?"

Udensi ya sosa ƙeya. "A hannun surukina."

Rumfa ta kece da dariya, don ba wanda bai san surukin nan ba, da irin kayan da yake sayarwa.

Daga nan aka rabu gida biyu. Wasu suka ce su da idonsu suka ga Nwaogu, kuma siririn mutum irinsa ba inda zai ajiye wannan ƙatuwar murya. Wasu suka ce dama sun daɗe suna mamakin yadda ɗan Adam mai hannu biyu zai buga ganga haka. Wani ya ce yana wurin ranar, aka tuna masa a lokacin yana goye. Da Daa ta ga an fara buga tebur, kwanukanta suna tsalle, sai ta ce, "Dee, ku ji tsoron Allah. Irondi mai gangar nan ai yana raye, yana ƙauyensu yana kiwon kaji. Ku je ya raba ku, ku bar mini kwanukana."

Ranar Asabar suka ɗauki hanya a tsohuwar fijon Ofoegbu, garmaho da rikoda a kujerar baya.

Suka tarar da Dee Irondi a gindin bishiyar mangwaro, tsoho tukuf, kunne ɗaya ya tafi, ɗayan yana shirin bin sa. Sai da aka fasa goro, aka zuba bammi, aka tambayi lafiyar kowa har kaji, sannan aka tayar da janareta. Udensi ya riga ya danna kaset.

Tsoho ya karkata kai yana saurare. Can ya fara kaɗa ƙafa, fuskarsa ta washe.

"Kai! Yaran nan sun iya! 'Yan ina ne?"

"Ku ne, Dee!" Udensi ya ɗaga murya.

"Mu? Haba. Da mun iya kiɗa haka ai da yanzu ina Landan, ba cikin kashin kaji ba. Wace ce yarinyar da ke waƙar?"

Ofoegbu ya ƙyalƙyale har bammi ya sarƙe shi. Ya share baki, ya ɗora faifansa.

Wannan karon Irondi ya ɗaure fuska. "Mai gangar nan barci yake ji? Ji yadda yake jan ƙafa."

"Kai ne, Dee!"

"Ni ne?" Ya ƙara kasa kunne. "To, ni ne. Na tuna. Mai otal ɗin ya cika mu da sakwara kafin mu hau. Da ƙyar nake ɗaga hannu."

Udensi ya buɗe baki zai ce wani abu, sai muryar Nwaogu ta shigo. Tsoho ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya zauna kamar an dasa shi, leɓunansa suna bin waƙar ba sauti, har ta ƙare. Ya ɗauki bangon faifan, ya kai hoton dab da idonsa, yana shafa fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Muryar nan dai Udensi ya san ta, ita ce ya ji a filin otal, ya manta ne kawai.

Irondi ya share ido da gefen zaninsa, ya rungume faifan a ƙirji.

"'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Tun daga Aba kuka taso don ku kawo mini wannan kyauta, har da abin sa shi!"

"A'a, Dee, ai dama..." Ofoegbu ya fara.

"Me ya ce?"

Udensi ya matsa kusa da kunnen da ya rage wa tsoho, ya ɗaga murya. "Cewa ya yi ba komai, Dee! Ya ce kai ka fi cancanta da shi!"

Tsoho ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga abin arziki. Ta zo, ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗauke garmaho ta shige ɗaka da shi. Aka kamo zakara guda aka ɗaure masa ƙafa aka miƙa wa Ofoegbu tukuici.

A hanyar dawowa Ofoegbu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta fito raɗau.

"Wallahi Udensi, sai na ajiye ka a dajin nan."

"Kai da ka yi aikin lada? Dubi zakaranka, ƙato."

Suka yi tafiya mai nisa, zakara yana kuka a baya. Suna dab da shiga gari Udensi ya yi gyaran murya, yana kallon waje ta taga.

"Wata mai zuwa in za ka je duba faifanka, ka biyo ta gidana. Ni zan sayi bammin."